Na Je Guangzhou Ɗauko Takwarata

Da asubar fari muka tashi daga gida, ladanin unguwarmu bai ma gama gyaran murya ba. Ni ce da wata maƙwabciyarmu mai sarin kayan kicin, wadda ta saba da hanyar, aka damƙa ni a hannunta kamar ƙullin kaya. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Ina faɗa ne matar ƙanena tana rubutawa, saboda matan da suka dame ni da tambaya tun da na dawo. Idan kun ga maganar ta karkace, kuka ne ya katse ni. Tun rasuwar Malam, maigidana, hawaye ba sa neman izinina, ni kuma na daina ba mutane haƙuri a kansu.

Ga abin da ya kai ni. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya daɗe a Guangzhou ta ƙasar China yana aikin tura wa 'yan kasuwa kaya. A can ya auri wata 'yar ƙasar da ta musulunta, suka haifi yarinya aka sa mata sunana. Malam ya rasu bai taɓa ɗora hannu a kanta ba, sai dai ya gan ta a waya. Bayan na fita takaba sai wani hoto ya zagaya dangi: takwarata a tsaye cikin yara, baki a buɗe, tana waƙa. Wan Malam, wanda shi ne babban gidan yanzu, ya aika aka kira ni.

Ya ce, "Jikar Malam ce za ta zama zabiya? Mu a gidan nan ba mu gaji roƙo ba. Ki je ki gani da idonki. In roƙo ne, ki taho mana da ita, ta zauna a wurinki ta shiga Islamiyya."

Ɗan nawa ya ce duk abin da na yanke ba zai tsallake ba. Ba zan ɓoye muku ba, na hau jirgin nan ina fatan ya zama roƙon. Gida ya yi mini faɗi, ina so in ji takun wani a tsakar gida.

Daga Kano muka sauka a Habasha, muka zauna a wani ɗakin jira mai sanyi kamar cikin randa. Jirgi na biyu shi ne mai nisan. An ci, an yi barci, an farka, an sake ci, har yanzu muna sama. Wata ma'aikaciyar jirgin ta ga ina share ido, ta zaci tsoro nake ji, ta yi ta nuna mini da hannu cewa jirgin ba zai faɗi ba. Na gode mata. Ina zan fara yi mata bayanin cewa wanda ya kamata ya zauna a kujerar gefena ne ba ya nan?

Da muka sauka, iskar garin ta rungume ni da wani gumi mai danƙo. Takwarata, wadda ba ta kai shekara goma ba, ta taho a guje ta ce, "Sannu da zuwa, Kaka," ta tsaya, don iyakar abin da aka haddace mata ke nan. Goshin Malam ne sak a fuskarta. Uwarta ta durƙusa har ƙasa, ta riƙe hannuna da hannu biyu, ba ta ɗago ido ba. Ta san abin da ya kawo ni.

Hanyoyinsu kuwa abin a tsaya a kalla ne. Titi a kan titi, wani kuma ya ratsa ta samansu, an jera furanni a gefen kowace gada, kuma babu akuyar da za ta ci. Ban ga rami ko ɗaya ba. Babura suna wucewa ba ƙara, sai dai ka ji iska a gefen zanenka. A unguwar Dengfeng suke zaune, a wani bene mai ɗakuna ƙanana, wanda in ka miƙe ƙafa a falo sai ta leƙa kicin. Da na ji abin da suke biya na haya sai da na nemi wurin zama. Amma kayan sawa da na roba araha ne har ka ji kamar sata kake yi. A manyan benayen unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwarmu ke sari, na ji Hausa ta fi ta Kantin Kwari yawan kala: ta Kano, ta Maradi, ta Kumasi. Wata 'yar China mai shagon mayafai ta kira ni, "Hajiya, zo, araha!" Na tambaye ta baƙin mayafi marar ado, ta girgiza kai ta ce "meyo", wato babu. Kalmar da na fara koya ke nan, kuma ita na fi ji.

Abinci sai da na yi haƙuri da shi. Ganye suna nuna masa wuta ne kawai su sauke. Ruwan ɗumi suke sha ko ana zafi. Surukata ta yi mini miyar kuka da ta koya a waya, ta fito tsararo kamar shayi, na shanye na ce ta yi daɗi. Tata miyar ta kaza da citta kuwa, wannan ba ƙarya, har ƙashina na ji ta. Ranar Juma'a aka kai ni Masallacin Huaisheng, mai tsohuwar hasumiya fara wadda aka ce ta daɗe ƙwarai a tsaye. Na yi sahu da tsofaffin matan China masu farin lulluɓi, muka ce amin tare. Malam ya sha faɗa wa ɗalibansa cewa Musulunci ya je Sin, wato China, tun da wuri. Ga shi ni na zo na gani, shi yana kwance. Na yi kuka a harabar har wata tsohuwa ta kawo mini kujera.

Da na huta sai na zaunar da ɗan nawa. Na ce, "Kai, waƙar nan wa ake yi wa?"

Ya ce, "Inna, ba a yi wa kowa."

Na ce, "Kar ka mai da ni yarinya. Akwai waƙar da ba ta da ubangida? Wane attajiri ake kira a ciki? Wa ke tashi ya yi kari?"

Ya yi dariya ya ce sunan abin opera, labari ne ake bayarwa da waƙa daga farko har ƙarshe. Masu yin sun zo ne daga wani tsohon gidan waƙa na Italiya da ya girmi kakan kakana, kuma sun taho da komai nasu a kwantena, har bangaye da fitilu da takalma. Wannan ya fi ba shi mamaki, don shi duk rayuwarsa daga China yake ganin kwantena na fita. Yara ne kawai ba su taho da su ba, sai suka zaɓa a makarantun garin, aka dace da takwarata. Ban yarda ba. Na tsufa ina zuwa biki, na san yadda zabiya ke kama sunan mace ta yi ta juya shi har sai ta kwance bakin zane. Na ƙudura a raina cewa hannun yarinyar zan sa wa ido. Ta miƙa shi, ko ta sunkuya ta tsinci wani abu a ƙasa, mun taho Kano.

Da safen ranar wasan surukata ta zo da mataji, ta nuna mini kan yarinyar, ta haɗa hannu tana roƙo. Gashin ya fi ƙarfinta. Na zaunar da takwarata tsakanin ƙafafuna na yi mata shuku, tana ta rera waƙarta ƙasa-ƙasa, tana cewa "Kaka, zafi," kalmar da ta tsinta a 'yan kwanakin nan. Ina cikin kitson na hango wani ƙaramin akwati a bayan ƙofa, an cika shi an zuge. Na gane kayan yarinyar ne aka haɗa, ko zan ce mu tafi.

Bayan azahar muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Gidan wasan yana kusa da kogi, ya yi kama da manyan duwatsu biyu da ruwa ya daɗe yana gogewa. Cikinsa ruwan zinariya ne, babu kusurwa ko ɗaya, rufin cike da ƙananan fitilu kamar taurari. Mutane sun cika hawa-hawa, amma shirun ya fi na ɗakin jinya. Ɗana ya sunkuyo ya ce, "Inna, don Allah, a nan ko tari ba a yi. In kukan ya zo, a hankali." Na ce, "Ka gaya wa idon, ba ni ba."

A gaban dandalin akwai rami, makaɗa na zaune a ciki. Masu goge sun fi yawa, manya da ƙanana, har da wani gogen da ya fi mai shi tsayi. Wani dattijo ya fito da ɗan tsinke a hannu. Bai kaɗa komai ba, bai busa komai ba, amma yana ɗaga tsinken duk suka ɗauka tare kamar mutum ɗaya, in ya sauke su yi tsit. Ban taɓa ganin biyayya irin wannan ba.

Labule ya buɗe sai ga gari sosai: gidaje masu bene, rijiya, kasuwa, hayaƙi na fita ta saman wani rufi. Can sai garin ya juya da kansa, ga mu a cikin ɗakin wata mata. Daga baya har ruwan sama aka yi a kan dandalin, ruwa na gaske, yana zuba daga indararo, mu kuma ko ɗigo bai taɓa mu ba. Akwai rubutu da ke gudu a sama don masu karatu. Ɗana ya fara raɗa mini fassara, wani a bayanmu ya yi tsaki, sai na ce ya bari. Fuskoki sun ishe ni. Na gane mata da mijinta ne, suna zaman lafiya, aka zo aka tafi da shi wani wuri mai nisa.

Muryoyin ne ban san yadda zan kwatanta muku ba. Babu lasifika, babu abin magana a hannu. Mace ɗaya ta buɗe baki, muryarta ta haye dukan makaɗan nan ta iso mu a hawa na sama kamar a kunnena take. Tana iya jan numfashi ɗaya har ni mai sauraro in gaji in shaƙa, ita ba ta sauke ba. Wani mai ƙaton ciki kuma in ya yi ƙasa da murya sai ka ji kujera na rawa. Akwai abin da ban so ba, kada a ce na ɓoye: wasu matan kafaɗunsu a waje, kuma mijin ya riƙe matar a gaban jama'a fiye da yadda ya kamata. Na kau da kai a wurin.

Sai ga yara sun shigo kasuwar a guje. Na gane shukun da na yi tun kafin in ga fuskar. Rigarta har ƙasa, da ɗan kwando a hannu. Suka tsaya suka ɗauki waƙa, idonsu duka a kan tsinken dattijon nan. Na kasa kunne ko zan ji an kama sunan wani, na duba layin gaba inda masu kuɗi ke zama ko wani zai motsa. Babu wanda ya motsa. Yaran suka gama suka fice. Na ce a raina, to, sai an jima, ai kari a ƙarshe ake yi.

Aka ba da hutu, na nemi lungu na yi la'asar. Wata ma'aikaciyar gidan ta tsaya nesa kaɗan tana karkatar da mutane don kada su gifta ta gabana, ba tare da kowa ya sa ta ba. Allah Ya saka mata.

Da aka dawo, an rage fitilu. Matar nan ita kaɗai a ɗaki, ta jera kwano biyu a kan tebur. Aka ƙwanƙwasa, wasu maza suka shigo da hula a hannu, ba su iya kallonta ba. Ba na buƙatar rubutu a nan. Na san irin wannan tsayuwar, an yi mini ita. Suka fita. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ɗauki kwano ɗaya za ta mayar, ta kasa ajiyewa. Ta fara waƙa da wata siririyar murya kamar zare, goge ɗaya na bin ta. A hankali muryar ta yi ta hawa har ta cika gidan nan duka. Ni da na yi watanni ana ce mini in yi haƙuri, in rage murya, kada maƙwabta su ji, ga wata an ba ta gida guda da makaɗa ta faɗi nata da iyakar ƙarfinta, kuma dubban mutane sun yi shiru suna jiran ta gama. Har yau ina auna shinkafar mutum biyu in mayar da rabi. Ban san yarenta ba, amma wannan ta faɗa.

Ban san lokacin da hannuna ya kai bakin zanena ba. Na kwance ɗan abin da na ƙulle, na miƙe tsaye zan sauka in liƙa mata a goshi. A wurinmu wanda ya taɓa maka zuciya haka ba a barinsa ya tafi hannu sake. Sai na ji an riƙe mini mayafi.

"Inna! Ina za ki?"

"Sakar ni in ba baiwar Allah nan."

"Ba a yi, Inna. Wallahi ba a yi. Zauna, za su fitar da mu."

Na zauna da kuɗina a hannu. Wata tsohuwa 'yar China da ke gefena, ita ma fuskarta sharkaf, ta dafa gwiwata ta bar hannunta a nan har waƙar ta ƙare. Sannan gidan ya fashe da tafi kamar ruwan ƙanƙara a kan rufin kwano.

A ƙarshe duk suka fito gaban labule, har da mijin da ya mutu, yana murmushi, ya riƙe hannun matarsa. Na san wasa ne, ina kallon wasan kwaikwayo a talabijin. Amma wannan ya soke ni, don su nasu mamacin yana dawowa. Yaran suka fito a jere, hannunsu cikin na juna, suka rusuna suka koma. Na bi hannun takwarata da ido har ta shige. Ba ta miƙa ba, ba ta tsinci komai ba, babu wanda ya jefa mata komai. A cikin wannan taro duka, mutum ɗaya ce ta tashi za ta yi kari, kuma ita ce aka aiko daga Kano ta kama masu roƙo.

Muna jiran yaran a ƙofar baya sai ga matar nan mai waƙar ta fito cikin kayan gida, ta naɗe wuya da gyale, tana ɗauke da jakarta da kanta. Kusa da kusa ba yarinya ba ce, kuma ta gaji liƙis kamar wadda ta wuni tana daka. Na ce mata, "Sannu da aiki." Ta kalli idona, ta ɗora hannu a ƙirji, ta wuce.

A jirgin komawa takwarata ta yi barci a jikina. Nauyin kanta a kafaɗata ya yi mini daɗin da na daɗe ban ji ba, kuma na san kalma ɗaya zan faɗa ya zama nawa kullum. Surukata na tsaye ta riƙe ƙarfe, tana kallon ƙasa. Da muka shiga gida na ce wa ɗana, "Ka ce wa matarka ta kwance akwatin nan, kayan za su yamutse." Ya faɗa mata da yarensu. Sai ta zo ta kifa kanta a cinyata tana ta kuka, tana cewa "Inna, Inna." Na ce a nemo wa yarinyar malamar da za ta ƙara mata karatun Alƙur'ani da Hausa, a riƙa kawo mini ita hutu, kuma in ta girma a sake zama a kan maganar waƙar. Ya ce an yi.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, maƙwabciyata da kayanta niƙi-niƙi, ni da jakata. Washegari na je gaida wan Malam. Ya leƙa bayana kafin ya amsa sallama.

Ya ce, "Ina yarinyar?"

Na ce, "Tana wurin uwarta, Yaya. Ka ce in roƙo ne in taho da ita. Na duba, ba roƙo ba ne. Aiki ne, mai wuya kuwa, kuma ba a kiran sunan kowa."

Ya ce, "Waƙa dai waƙa ce."

Na ce, "Ni aka aika, ni na gani."

Bai ji daɗi ba, har yanzu gaisuwarmu a taƙaice take. Allah Ya huci zuciyarsa.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa akwai mutanen da ke ɗaukar baƙin ciki su yi masa aiki na shekaru, su gyara shi, har wanda bai san yarensu ba ya zauna ya ji an faɗi nasa. Na yaba musu, kuma ina alfahari jinin Malam ya tsaya a cikinsu bai ji kunya ba. Ta kuma nuna mini cewa kewar nan tawa ce. Ni aka yi wa rashi, ba yarinyar ba, ba uwarta ba. Na buɗe ƙofata na tarar da gidan shiru yadda na bar shi. Na zauna a bakin gado na yi kukana har na ƙoshi, amma a can Guangzhou babu wadda ke kuka saboda ni.